Digital Wellbeing a wayar Android: abin da take iya yi wa matashin Sakkwato da abin da ya fi ƙarfinta

Kusan duk wayar Android da ake sayarwa yau a Sakkwato, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko Redmi, tana ɗauke da wata manhaja da yawancin masu wayar ba su taɓa buɗewa ba. Sunanta Digital Wellbeing. Kamfanin Google ne ya fito da ita a 2018 tare da Android 9. Aikinta shi ne ta nuna wa mutum yawan lokacin da yake kashewa a kan kowace manhaja, ta kuma ba shi hanyar yi wa kansa linzami. Ba a sayen ta, ba ta buƙatar data kafin ta yi aiki, kuma tana cikin saitin waya ne, ba sai an sauko da ita ba. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne ta cancanci duk saurayi da budurwa su kunna ta. Sai dai ɓangaren da aka fi yabawa a cikinta, wato agogon ƙayyade lokaci, shi ne mafi rauni, musamman ga irin rayuwar da ake yi a garin nan. Ƙarfinta na gaske yana wajen tsare barcin dare da rage yawan sanarwa.

Ana shiga ne ta Settings, a gangara ƙasa har a ga Digital Wellbeing & parental controls. Idan ba a gan ta ba, a rubuta sunan a wurin bincike da ke saman saitin, domin kowane kamfanin waya da inda yake ajiye ta. Abin da zai fara bayyana wani zobe ne mai launuka, a tsakiyarsa an rubuta awannin da aka yi a kan waya a ranar. A ƙasa akwai lambobi biyu: sau nawa aka buɗe makullin wayar, da sanarwa nawa suka shigo. Idan aka taɓa zoben, sai ya buɗe jerin manhajoji, kowace da mintunan da ta ci, ana iya komawa baya a duba na jiya da shekaranjiya da na makon da ya wuce.

Wannan shafin kaɗai ya isa dalilin kunna ta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a harkar waya bai sani ba. Ka tambayi ɗalibi awa nawa yake yi a TikTok, abin da zai faɗa maka da abin da wayarsa ta rubuta da wuya su zo ɗaya. Kuma ganin lambar kanta yana da tasiri. A 2018, Melissa Hunt da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun raba ɗalibai 143 gida biyu. Kashi ɗaya aka ce su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowace a rana har tsawon mako 3, ɗaya kashin kuma suka ci gaba yadda suka saba. Waɗanda suka taƙaita sun samu sauƙin kaɗaici da ciwon damuwa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, har waɗanda ba su taƙaita ba sun samu raguwar fargaba da jin cewa ana yin wani abu babu su, kuma masu binciken sun danganta hakan da bibiyar lokacinsu da aka sa su yi. Saboda haka shawararmu, mako na farko kada a saka wa komai iyaka. A riƙa duba shafin kowane dare bayan isha'i kawai, a lura da abu uku: manhajar da ta fi cin lokaci, wadda ta fi turo sanarwa, da kuma sa'o'in da aka fi riƙe wayar.

Amma a sani cewa lissafin yana da giɓi. Lokacin da fuskar waya take kunne kawai yake ƙirgawa. Wanda ya sa karatu ko wa'azi ko waƙa ya kashe fuskar, wannan ba ya shiga. Gidan da waya ɗaya ke zagayawa tsakanin yaya da ƙanne, lambar ta kowa ce a haɗe. Mai waya biyu kuma kowace da nata lissafin, babu inda ake tara su.

Yanzu ga agogon ƙayyade lokaci. A cikin jerin manhajojin, kusa da kowace akwai ƙaramar alama. Idan aka taɓa ta, sai a zaɓi awa da minti, misali minti 45 ga TikTok. Lokacin yana gab da cika wayar za ta yi gargaɗi, idan ya cika manhajar ta rufe, alamarta ta koma toka-toka, ko an taɓa ta ba za ta buɗe ba. A rubuce abin ya yi kyau. A aikace yana da matsala huɗu, kuma biyu daga ciki manya ne.

Ta farko, babu makulli. A tsarin Google, wanda ya saka iyakar zai iya komawa saitin ya ƙara ta ko ya goge ta cikin daƙiƙa goma, babu lambar sirri da za a tambaye shi. Mutumin da ya saka minti 45 da safe yana cikin natsuwa, ba shi ne mutumin da ke tsakiyar kallon rigimar 'yan TikTok da daddare ba, na biyun kuwa kullum shi ke yin nasara. A nan iPhone ta fi, domin Screen Time ɗinta yana karɓar lambar sirri mai lamba 4 da za a iya bai wa aboki ko yaya ya riƙe. Mai Android da yake son irin wannan sai ya shiga cikin TikTok ɗin kanta, a sashen Screen time, ya saka iyakar rana. Ita tana neman lamba kafin a ci gaba. Tun Maris 2023 kamfanin ya sa minti 60 a matsayin iyakar farko ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, amma wannan ya dogara ga shekarun da mutum ya rubuta lokacin buɗe asusu, kowa kuma ya san yadda ake yi da su.

Ta biyu ita ce ta fi damun mu. Agogon yana sake cika ne da ƙarfe 12 na dare. A Sakkwato wannan shi ne daidai lokacin da bai kamata a buɗe ƙofa ba. Datar dare mai rahusa da kamfanonin waya ke sayarwa tana farawa ne daga wajen ƙarfe 11 ko 12 zuwa asuba, kuma tun da hukumar kula da harkar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025, matasa da yawa sun ƙara jingina da ita. Ga kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa sai dare ya raba. A shiga kowane gida a Mabera ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai a irin wannan daren: an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, babu wuta, kowa ya kwanta rigingine, hasken waya na haska masa fuska, babban yatsa yana ta tura bidiyo sama. Uwa ta ɗaga kai ta ce, "Kai, har yanzu ba ka yi kwana ba?" ya ce yanzun nan. Wanda mintunansa suka ƙare tun ƙarfe 9, da sha biyu ta buga sai alamar TikTok ta dawo da launinta, an ba shi sabon minti 45. Ya cinye su kafin ƙarfe 1, ya ƙara wa kansa, sannan ga kiran assalatu wajen ƙarfe 5, ga lakca ƙarfe 8 a jami'a, ga tafiyar da za a yi kafin a kai can. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 na barci, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuwa awa 8 zuwa 10. Rashin barci da kansa yana kawo saurin fushi, mantuwa, kasa tattara hankali a kan karatu, yana kuma ƙara wa mai damuwa damuwa. Da yawa daga abin da ake ɗora wa soshiyal midiya, ta wannan ƙofar yake shigowa.

Sauran biyun ƙanana ne amma suna ɓata lissafi. Wayar tana ɗaukar TikTok da TikTok Lite a matsayin manhajoji daban, haka Facebook da Facebook Lite, don haka sai an saka wa kowace tata iyakar. Sannan wanda aka rufe wa manhaja zai iya shiga shafin ta burauza. A Chrome akwai maganin wannan: a taɓa sunan Chrome a jerin, a kunna nuna shafukan da ake ziyarta, a saka wa kowane shafi iyaka. A Opera Mini da Phoenix, waɗanda matasa ke yawan amfani da su, babu wannan, sai dai a saka wa burauzar gaba ɗaya.

Abin da ke toshe ɓarakar tsakar dare shi ne Focus mode, wani sashe na Digital Wellbeing da ke dakatar da manhajojin da aka zaɓa na wani lokaci. An yi shi ne don lokacin karatu ko aiki, amma ya fi amfani da daddare. A zaɓi manhajojin da ke hana barci, a saka jadawali daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, kowace rana. A cikin wannan lokacin ba za su buɗe ba, sanarwarsu ma ba za ta shigo ba, ko da agogon ya sake cika. Shi ma yana da ƙofar baya, domin yana ba da hutun minti 5 ko 15 ko 30, amma kowane hutu sai an nema da hannu, idan ya ƙare kuma manhajar ta sake rufewa. Wannan katsewar tana da daraja. Shafukan soshiyal midiya an gina su ne ba su da ƙarshe. Tsarin da ke sa sabon abu ya yi ta ɓullowa muddin ana tura yatsa, Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Abin da ke riƙe mutum shi ne rashin sanin mai zuwa: wannan bidiyon banza ne, wancan ma, na ukun ya ba shi dariya, sai ya ci gaba da nema. Masana halayyar ɗan Adam tun zamanin B. F. Skinner sun nuna cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi wuyar bari. Duk abin da ya tsayar da yatsa ya sa mutum ya yanke shawara da saninsa, ya rage wa wannan tsarin ƙarfi.

Bedtime mode, wato tsarin lokacin barci, shi ne ɓangaren da muka fi yabawa. Idan lokacin da aka saka ya yi, yana mayar da fuskar waya baƙi da fari, ya kuma hana sanarwa yin ƙara ko girgiza. Baƙi da farin ba wasa ba ne. Bidiyon biki da hoton abinci da jan ɗigon sanarwa duk da launi suke jan ido, idan aka cire shi sai su yi lami. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan ɗaliban jami'a a Amurka ya gano cewa waɗanda suka mayar da wayarsu haka sun rage kusan minti 40 a rana.

Wajen saita shi akwai tarko ɗaya. Wayar tana ba da zaɓin ya riƙa kunna kansa idan an sa ta a caji da daddare. Wannan an yi shi ne don inda wuta ba ta ɗaukewa. A nan kuwa waya tana shan cajinta ne a rumfar mai caji da rana, ko duk lokacin da aka kawo wuta, don haka wanda ya zaɓi wannan zai yi kwanaki bai ga ya kunnu ba. A zaɓi jadawalin agogo, misali 10:30 na dare zuwa 5 na asuba. Sannan a shiga Do Not Disturb, saitin da ke hana waya ƙara, a bar kiran mutanen da aka sa wa tauraro a jerin lambobi, iyaye da miji ko mata da wanda ake jinya, a kuma kunna zaɓin da ke barin kira ya shigo idan lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15. Ƙararrawar tashi sallah ba ta shafuwa, za ta buga. Idan azumi ya zo a gyara jadawalin ya dace da sahur da tahajjud, in ba haka ba mutum zai gaji ya kashe shi gaba ɗaya, bayan sallah kuma ya manta. Idan an ga jadawalin yana tsallake wasu darare, a duba manhajojin share waya da na tanadin batir, su kan kashe abin da ke aiki a bayan fage.

Sanarwa kuma kada a kashe su duka. An gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2019: waɗanda aka tara wa sanarwa ana kawo musu sau 3 a rana sun fi samun natsuwa, waɗanda aka kashe wa gaba ɗaya kuwa fargabarsu ƙaruwa ta yi, suna ta tunanin abin da ya wuce su. Abin yi shi ne a bar saƙon da mutum ya turo wa mutum, a kashe na "wane ya fara shiri kai tsaye" da "wance ta ɗora sabon hoto" da na masu danna alamar so.

Inda manhajar ta gaza ƙwarai shi ne, minti take ƙirgawa, ba ta san abin da mintin ya yi wa zuciya ba. Minti 30 na hira da ɗan'uwa da ke karatu a Zariya da minti 30 na leƙen lefen wata a Instagram, a wurinta duk ɗaya ne. Alhali binciken Philippe Verduyn da abokansa na 2015 ya nuna cewa kallo shiru ba tare da mu'amala da kowa ba shi ne ke saukar da walwala, kuma ta hanyar hassada yake yin haka. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da na kusa da shi. Da can budurwa da 'yan unguwarsu take auna kanta. Yanzu tana zaune a ɗakinta tana ganin akwatunan lefe jere, kamu da dina da anko kala-kala na Abuja da Kano, fata mai sheƙi da aka tace da manhaja, ba ta ganin bashin da aka ci ko hoto ashirin da aka goge kafin a zaɓi ɗaya. Saurayin da ya gama hidimar ƙasa yana jiran aiki kuma yana ganin sa'ansa jingine da motar da wataƙila ba tasa ba ce. Takardun cikin gida na Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna kamfanin da kansa ya san haka: kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram na ƙara musu. Adalci ne kuma a faɗi cewa ba kowa abin ke yi wa illa ba. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun bi bayanan matasa masu ɗimbin yawa a 2019, suka ga yawan amfani da na'ura bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu ba. Wannan ma yana nuna cewa yawan awa ba shi ne dukan labarin ba. Me ake kallo, ƙarfe nawa, kuma a wane hali mai kallon yake, su ne suka fi.

Don haka sai an haɗa da saitin cikin manhajojin kansu. A Instagram, tun 2021 ana iya ɓoye adadin masu danna alamar so, a kuma yi shiru da shafin da ke tayar da hankali ba tare da mai shi ya sani ba. A TikTok, a danne bidiyo a zaɓi cewa ba a sha'awar irinsa, a yi haka duk lokacin da ya ɓullo, ko a sabunta shafin For You, inda TikTok ke zaɓo wa mutum bidiyo, ya fara daga farko.

WhatsApp kuwa sha'aninsa daban ne, kuma shi ne bai kamata a saka wa agogo ba. A nan guruf ɗin aji yake, a nan ake sanar da ɗaurin aure da rasuwa, a nan mai sayar da atamfa da turaren wuta take baje kayanta a sitatus. Mai sana'a ta raba layi, ta sa na ciniki a WhatsApp Business, domin wayar tana lissafa su daban. Nauyin da WhatsApp ke ɗora wa zuciya daga wasu wurare yake zuwa. Shuɗin makin nan biyu mai nuna an karanta saƙo da aka kawo a 2014 ya haddasa zargi mai yawa tsakanin masoya da abokai: ya karanta bai amsa ba, tana kan layi ta yi banza da ni. Ana kashe shi a sashen Privacy, tare da ɓoye lokacin da aka gani na ƙarshe. Sharaɗinsa, kai ma ba za ka ga na wasu ba, ba za ka ga waɗanda suka kalli sitatus ɗinka ba, kuma a guruf ba ya kashuwa. Ga wanda ke leƙa jerin masu kallon sitatus sau goma a awa, wannan rashin ganin alheri ne.

Sai bidiyoyin ta'asar 'yan bindiga daga Sabon Birni da Isa da Goronyo da sauran garuruwan gabashin jihar, da ake turowa guruf ba gargaɗi. Mutane na turawa ne don jaje ko don a san halin da ake ciki, amma maimaita kallon gawa da jini yana barin tabo: firgita cikin barci, faɗuwar gaba, jin cewa babu inda yake da aminci. Bayan harin bam na gasar gudu ta birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike sun gano cewa waɗanda suka riƙa bin labarin awa 6 ko fiye a rana sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu. Digital Wellbeing ba ta da abin cewa a nan. Abin yi yana cikin WhatsApp: a shiga Storage and data a kashe saukar hoto da bidiyo da kansu, ta yadda sai an taɓa za su buɗe, a yi shiru da guruf na awa 8 ko mako 1 ko har abada, a kuma taƙaita waɗanda za su iya saka mutum a guruf. Tun 2022 idan an fita daga guruf shugabanninsa kaɗai ake sanarwa, saboda haka kunyar fita ta ragu. Labari ana iya samun sa a rediyo ba tare da an ga hoton ba.

Iyaye da ke tunanin kama wayar babban yaro su saka masa iyaka a ɓoye, ba za ta yi ba, zai cire ta a ranar. Family Link, tsarin sa idon iyaye da ke cikin sashen Digital Wellbeing, don yara aka yi shi, ba don ɗan shekara 22 ba. Abin da ya fi aiki shi ne abokai biyu ko 'yan ɗaki ɗaya a makaranta su yarda su riƙa nuna wa juna shafin lissafin kowace Juma'a.

Akwai kuma matakin da saitin waya ba ya kaiwa. Idan matashi ya yi mako 2 ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake jin daɗinsa da ya daina burge shi, barci da cin abinci sun rikice, ya janye daga majalisa da 'yan'uwa, ko yana maganar gara ya mutu, wannan na likita ne, kuma maganar mutuwa ba a jira da ita ko kwana ɗaya. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware. Mai zuwa ya tafi da wayarsa. Likita zai tambayi ƙarfe nawa ake kwanciya da awa nawa ake barci, kuma shafin lissafin na makonnin baya zai amsa wannan fiye da yadda mara lafiyar zai iya tunawa.